Yadda za ka mayar da tarin tsofaffin hotunan takarda cikin kwamfuta, mataki-mataki

Kusan duk wanda ya aiko mini da tambaya a kan wannan aiki da abu ɗaya yake farawa: wace na'ura zan saya? Na gane dalili, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Wanda ya gaji akwati cike da hotuna dubu biyu ko uku, abin da zai kayar da shi gajiya ce da ruɗewa. Zai yi sati biyu da zafin nama, ya tara fayiloli ɗari huɗu masu lambobi marasa ma'ana, ya kasa tuna wanne ya yi wanne bai yi ba, daga nan ya mayar da akwatin ƙarƙashin gado. Saboda haka na jera matakan yadda ya kamata su biyo juna, kuma za ka ga sayen na'ura sai a na huɗu.

1. Ƙiyasta yawansu da lokacin da za su ci

Kada ka zauna ƙirga su ɗai-ɗai. Ƙirga ɗari, ka jera su, ka auna kaurinsu da rula, sannan ka auna sauran da wannan ma'auni. Albam kuma ka ƙirga na shafi ɗaya ka ninka da yawan shafuka.

Yanzu yi lissafi. A sikana mai gilashi, wato na'urar da ake kifa hoto a kan gilashinta ta kwafe shi zuwa kwamfuta, in ka haɗa sharewa da ɗorawa da saukewa da sa suna, ka ba kowane hoto minti biyu. Hotuna 3,000 sun zama awa 100 ke nan. In awa ɗaya kake samu kullum, ka haura wata uku. Wannan lissafin ne zai gaya maka irin na'urar da ta dace da kai.

2. Tankaɗe da rairaya

Samu tebur mai faɗi, busasshe, wanda ba za a tashe ka a kansa ba. Babu shayi ko ruwa a kusa. Raba hotunan kashi uku: waɗanda ba su da madadi, waɗanda za a so a gani amma ba a mutu a kansu ba, da waɗanda ba sai an wahala da su ba. Kashi na uku ya fi yawa fiye da zatonka: hoton da aka wanke kwafi huɗu, wanda ya yi dishi-dishi, wanda yatsan mai ɗauka ya rufe rabinsa, da hoton gini ko dutsen da babu kowa a jikinsa kuma babu mai tuna inda yake. Ban ce ka zubar ba. Ka dai ware su gefe.

Sauran ka tara su bisa shekaru, ko da a ƙiyasce. Girman takarda, irin gefenta, tambarin gidan hoto a baya, da kwanan watan da wasu injinan wanki ke bugawa duk suna taimakawa. Kowane rukuni ya shiga ambulan ɗinsa, a sa masa lamba: 001, 002, haka dai. Wannan lambar ita za ta zama sunan folda a kwamfuta, ita ce igiyar da ke haɗa takarda da fayil.

Gargaɗi: kada ka wargaza albam da wani ya tsara da hannunsa kafin ka ɗauki hoton kowane shafi da waya. Yadda aka jera hotunan shi kansa bayani ne. In ka cakuɗa su, ba ka da hanyar mayarwa.

3. Je wurin manya tun kafin ka kunna na'ura

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi kaɗai ne ba ya jira. Hoto zai iya ƙara shekara biyar a ambulan bai canza sosai ba. Mutumin da ya san su wane ne a ciki fa?

Ɗauki ambulan ɗaya ko biyu, ba duka ba, ka kai wa wanda ya fi kowa shekaru a dangi. Nemi izininsa ka kunna rikoda a waya. Kafin ka miƙa kowane hoto ka faɗi lambarsa da baki, "ambulan na bakwai, hoto na sha biyu", domin in ka zo saurare ka san wanda ake magana a kai. Tambayoyi uku sun isa: su wa ne, daga hagu zuwa dama? A ina ne? Wace shekara, ko kusa da wane abu da ya faru? Tsoho ba lallai ya tuna 1974 ba, amma zai ce maka shekarar da aka haifi wance ce, kai sai ka nemo sauran. Kada ka katse shi in ya shiga labari. Sau da yawa labarin ya fi hoton daraja. Kuma in mutum biyu suka saɓa a kan wani suna, rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.

Gargaɗi: kada ka yi rubutu a bayan hoto da biro ko maka. Tawada tana ratsawa, tana kuma shafar fuskar hoton da ke ƙarƙashi, kuma danna biro yana barin shaida ta gaba. Yi amfani da fensir mai laushi, a gefe, ba tare da dannawa ba. In takardar mai santsi ce fensir bai kama ba, rubuta a wata takarda ka sa cikin ambulan.

4. Zaɓi hanyar ɗauka

Hanyoyi huɗu ne, kuma babu laifi a haɗa biyu.

Sikana mai gilashi ita ce ta fi ba da inganci a kuɗi mai sauƙi. Iri biyu ce. Akwai siriri mai jan wuta daga kebul ɗin kwamfuta, irin Canon CanoScan LiDE, wanda ya wadatar ga hoton da ya kwanta sumul. Rauninsa shi ne duk abin da bai manne da gilashi ba yakan fito dushi-dushi. Akwai kuma mai kauri, irin Epson Perfection V600, wanda ke jure hoton da ya ɗan lanƙwashe, kuma yana da fitila a murfi don ɗaukar fim. In akwai nagatif a cikin kayanka, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, wannan ya fi.

Sai na'ura mai zuƙar hotuna da kanta, irin Epson FastFoto FF-680W. Kana zuba mata tari, tana ja ɗaya bayan ɗaya, kamar hoto guda a daƙiƙa ɗaya a ƙaramin ma'aunin inganci (bayaninsa na mataki na shida), tana ɗaukar gaba da baya lokaci guda. Ta fi mai gilashi tsada nesa ba kusa ba. Ga mai hotuna dubu biyar ta cancanci kuɗinta, musamman in dangi suka haɗa hannu suka saya, ko aka saya aka sayar bayan an gama. Gargaɗi: kada ka ba ta hoton da ya yage, ko ya yi ƙamas, ko mai sauran gam a bayansa. Tana iya ƙarasa shi, gam ɗin kuma ya ɓata gilashinta ya ja layi a kan duk hotunan da suka biyo baya.

Ta uku kyamara ce ko waya. Don rabawa cikin gaggawa, manhajar Google PhotoScan tana aiki: tana sa ka ɗauki hoton daga wurare huɗu, ta haɗa su ta cire ƙyallin fitila. Amma ban yarda a mai da ita ajiyar dindindin ba, domin ingancinta bai kai na sikana ba. In da kyamara za ka yi da gaske, kafa ta a kan mazauninta mai ƙafa uku tana kallon ƙasa sak, sa fitila iri ɗaya guda biyu dama da hagu, kowace ta karkato da digiri 45, kashe fitilar ɗaki da filashin kyamarar. Wannan ita ce hanyar hotuna manya da suka fi gilashin sikana, da waɗanda ba sa fita daga firam.

Ta huɗu ka biya masu sana'ar su yi maka. Yawanci a kan kowane hoto suke caji, don haka tankaɗen mataki na biyu shi ne ragin kuɗinka. Tambaye su ma'aunin da suke ɗauka da irin fayil ɗin da za su ba ka, ka fara gwada su da hotuna ashirin. Ni dai hoton da ba shi da na biyu a duniya ba na sa shi a hanya.

5. Sharewa, da ciro waɗanda suka maƙale

Wanke hannu ka busar sosai, ka riƙa kama hoto ta gefuna. In za ka sa safar hannu, ta roba irin ta asibiti marar hoda ta fi ta auduga, domin auduga na kama yagaggen gefe tana kuma rage jin yatsa. Kayan shara uku ne: ɗan famfon iska na roba irin na masu kyamara, buroshi mai laushi, da ƙyallen goge tabarau. Hura iska tukuna, sannan buroshi. Ban da ruwa, ban da tishu, ban da hurawa da baki saboda yawu.

Albam masu shafi mai danƙo da leda a sama su ne manyan maƙiya. Gam ɗinsu yana rina hoto rawaya, da daɗewa kuma ya kama shi gam. Ɗaga ƙusurwa a hankali. In ya ƙi, zura zaren sakace marar kakin zuma a ƙarƙashinsa, kana ja dama da hagu kamar zarto, a sannu. In ka ji takarda na shirin rabuwa biyu, tsaya nan. Ɗauki shafin gaba ɗaya, ka yanko hoton a kwamfuta.

Hoton da ya manne da gilashin firam kada ka ɓamɓare shi, fuskar za ta zauna a gilashin ta bar maka farar takarda. Goge gilashin ta waje ka ɗauka yadda yake. Waɗanda suka yi funfuna kuma a ware su a leda dabam, a bari su bushe sarai, a share su a waje da takunkumi a fuska, su zama na ƙarshe a sikana, sannan a goge gilashin bayansu.

6. Saita na'urar sau ɗaya, ka rubuta saitin a takarda

A nan ne ake tafka kuskuren da ke sa a sake aikin daga farko. Ma'aunin da ake kira dpi yana nufin ɗigo nawa na'ura za ta ɗauka a kowane inci. Yawancin na'urori suna zuwa a saite a ƙasa, domin takardun ofis.

Ga hoto na yau da kullum, mai inci 4 da 6, sa 600. Zai ba ka ɗigo 2,400 da 3,600, wanda ya isa a sake wanke shi ninki biyu na girmansa ba tare da ya fashe ba. Da 300 za ka samu girmansa na asali kawai, kuma ranar da ka so yanko fuskar mutum ɗaya daga cikin taro za ka yi da-na-sani. Ƙananan hotuna irin na fasfo sa musu 1,200. Nagatif na fim mai milimita 35 yana buƙatar 2,400 zuwa 3,200, tunda faɗinsa milimita 24 da 36 ne kacal. Wuce 600 a babban hoton takarda kuwa ɓarnar wuri ce, takardar ba ta da ƙarin abin da za ta bayar.

Ɗauki komai a matsayin mai kala, har da baƙi da fari. Tsohon hoto yana da ruwan ƙasa ko rawaya da ya zama jikinsa, kuma tabo ya fi sauƙin cirewa daga fayil mai kala.

Sai irin fayil. TIFF ba ya zubar da komai, amma yana da nauyi: hoton inci 4 da 6 a 600 yakan kai megabait 26, wato 3,000 za su ci kusan gigabait 78. JPEG yana matse hoto ya koma 'yan megabait, sai dai duk lokacin da ka gyara ka sake adanawa yana ƙara rasa wani abu. Abin da nake yi: kashi na farko, marasa madadi, TIFF. Sauran JPEG a mafi girman inganci. Wanda ke da wurin ajiya ya yi TIFF duka, babu asara.

Gargaɗi: kashe gyare-gyaren da manhajar ke yi da kanta, irin ƙara kaifi da dawo da kala, ko ka sa ta adana su a fayil na dabam. Abin da aka gasa cikin fayil na asali ba ya fita. Haka fasahar goge ƙura da ke cikin wasu na'urorin sikana, wadda ake kira Digital ICE: tana aiki da kyau a fim mai kala, amma tana ɓata nagatif na baƙi da fari na gargajiya, saboda azurfar da ke jikinsa tana tare hasken da take amfani da shi. In kuma sikana ɗinka tsohuwa ce sabuwar kwamfuta ta ƙi gane ta, gwada manhajar VueScan kafin ka jefar da ita.

7. Gwaji da ashirin, sannan aikin gadan-gadan

Ɗauki hotuna ashirin iri-iri, ka buɗe su a babban allo, ka zuƙo su sosai. Duba ƙura, layi, yankakken gefe, da karkata. Sai ka gamsu za ka ci gaba.

Gilashin sikana na yau da kullum yana ɗaukar hotuna uku masu inci 4 da 6 a lokaci guda. Bar 'yar tazara tsakaninsu domin manhajar ta raba su da kanta, kuma kada ka manna su da bakin gilashin, wasu na'urorin suna cinye gefen. Goge gilashi bayan kowane zubi kaɗan. In za ka sa ruwan gogewa, fesa a ƙyalle, kada ka fesa a gilashin. Duk hoton da ke da rubutu ko tambari a baya, ɗauki bayan nan take, ya biyo gabansa a lamba.

Ambulan ɗaya a zama ɗaya. Waɗanda ba a yi ba a hagu, waɗanda aka yi a dama. In ka gama, ƙirga fayilolin folda ka gwada da abin da ke cikin ambulan, sannan ka sa masa alama. Kada ka tsaya gyaran kala a tsakiyar aiki. Hoto ɗaya zai cinye maka daren da ya kamata ka yi sittin.

Wasu hotunan shekarun 1970 takardarsu na da ƙananan gurabe kamar saƙar zuma, kuma sikana na fito da su farare tsaf. Juya hoton a kan gilashi ka sake ɗauka, wani lokaci sauya kusurwa na ragewa. In ya ƙi, koma wa kyamara da fitila biyu.

8. Suna da kwanan wata

Fara sunan fayil da shekara, sai wata, sai rana, domin kwamfuta ta jera su da kanta. Misali: 1987-06-00_007_012_kammala-makaranta. Sifili yana nufin ba a san ranar ba, 007 ambulan ne, 012 kuma hoton. In shekarar ƙiyasi ce, ƙara kalmar "wajen" a ƙarshe. Guji tazara da alamomi a cikin suna, ban da - da _ irin na misalin, ka kuma guji haruffa masu lanƙwasa irin ɓ, ɗ da ƙ, wasu na'urorin suna rikita su.

Akwai wani tarko: kwamfuta tana ɗaukar ranar da ka yi sikanin a matsayin ranar hoton, sai ka ga hoton 1965 ya faɗo cikin na makon jiya. Manhajoji na kyauta irin digiKam da ExifTool suna gyara kwanan watan folda guda a lokaci ɗaya, suna kuma ba ka damar rubuta sunayen mutane a cikin fayil ɗin kansa. Nan ne rikodin mataki na uku zai shiga. Sunan da ke cikin fayil yana bin hoton duk inda ya je. Wanda ke littafinka kawai, ranar da littafin ya ɓace shi ke nan.

In ka zo gyara, yi a kan kwafi. Foldar asali ba a taɓa ta. Manhajojin zamani masu sa kala da "gyara fuska" ƙirƙira suke yi, suna iya ba kakanka idon da ba nasa ba. Yi wasa da su in kana so, amma ka rubuta a sunan fayil cewa gyararre ne.

9. Kwafi uku, tun daga ranar farko

Ƙa'idar da masu adana bayanai ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a irin ma'aji biyu dabam-dabam, ɗaya kuma ba a gidan da sauran suke ba. A aikace: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a ma'ajiyar intanet ko a wani faifan da ke hannun ɗan'uwa. Kwafe a ƙarshen kowane zama, kada ka ce sai an gama duka.

Ɗan filashi na aljihu abin kai saƙo ne, ba rumbu ba: yana ɓata, yana mutuwa ba sallama. Faifan CD da aka ƙona a gida shi ma yana lalacewa, ga shi sababbin kwamfutoci da yawa ba su da wurin sa shi. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta kuwa haɗe yake da Gmail da Drive, TIFF zai cika shi nan da nan. In a Google Photos za ka ajiye, ka kuma duba cewa ka zaɓi ajiye ingancin asali. Sau ɗaya a shekara jona faifan, buɗe wasu hotuna ka tabbatar suna nan, bayan 'yan shekaru ka kwashe zuwa sabo.

Gargaɗi: hoton da ka tura ta WhatsApp ko ka ɗora a Facebook an matse shi, ba ajiya ba ne. In za ka aika wa ɗan'uwa cikakke ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, ba ta wurin hotuna ba. Kuma ka nemi yardar masu rai kafin ka baza hotunansu.

10. Takardun fa?

Kada ka zubar, balle nagatif, wanda sau da yawa ya fi takardar da aka wanke daga gare shi riƙe bayani. Cire robar ɗauri, kilif da fil, dukkansu suna barin tabo. Sa hotunan a ambulan ko kwalin da ba shi da asid, ko a leda ta poliyesta ko polifurofilin. Guji ledar PVC, wadda ake ganewa da warin sabuwar roba. Ajiye su a ɗaki na ciki mai sanyi da bushewa, a ɗage daga ƙasa, nesa da rana da bangon da ke tsatsar ruwa, kana leƙawa lokaci-lokaci saboda gara da kyankyaso. In ka buɗe kwalin nagatif ka ji tsami kamar na binega, fim ɗin ya fara ruɓewa: raba shi da sauran, ka sa shi a gaban layi a zama na gaba.